Hadiza ce ko Khadija? Tambayoyi da amsoshi kan furta sunan 'ya mace da zaɓen sunan jariri a Jos

Duk wanda ya taɓa kiran sunayen yara a aji a garin Jos ya san yarinya ɗaya kan amsa suna biyar kafin a tashi tara. Kakarta da ke Gangare ta ce Dije, babanta ya ce Khadija, malamin Islamiyya ya kankaro harafin daga maƙogwaro, ƙawarta 'yar Birom ta ce Kadija, maƙwabciya Bayarabiya ta ƙara masa wutsiya ta ce Kadijat, a katin asibiti kuma an rubuta Hadiza. Na daɗe ina koyarwa a firamare, iyaye kuma sukan tare ni a bakin ƙofa da tambayoyi kan wannan, musamman masu juna biyu da waɗanda suna ya matso musu. Waɗanda suka fi yawan dawowa ne na tattara a nan. Matsayina ba ɓoyayye ba ne: baki a ƙyale shi ya faɗi suna yadda ya iya, amma ma'ana da takarda ba a sakaci da su.

Malama, mun sa wa 'yarmu Khadija, amma dangin mijina Hadiza suke ce mata. Sun canza mata suna ne?

Ba su canza ba, 'yar'uwa. Suna ɗaya ne, na Nana Khadija matar Annabi (SAW) ta farko. Harafin da sunan ya fara da shi a Larabci babu shi a Hausa, don haka tun da daɗewa Bahaushe ya mai da shi "h". Haka ya yi wa Halidu da Halifa, haka ya yi wa alheri da haraji da hatimi, har da ranar Alhamis. Wanda ya dage cewa Hadiza kuskure ne, to sai ya daina cewa Alhamis, ya kuma daina yi wa mutane fatan alheri, don duk harafi ɗaya ne aka lanƙwasa.

Ba mu kaɗai ba ne. Turkawa Hatije suke faɗa, da "h" irin tamu. Mutanen Alƙahira, da Larabci ne harshen uwarsu, Khadiga suke cewa, domin "j" a bakinsu "g" take komawa. In Balaraben Masar bai ji kunyar Khadiga ba, ban ga abin da zai sa surukarki ta ji kunyar Hadiza ba.

Abin da kawai zan yarda da ke a kansa: yau Hadiza da Khadija sun fara zama kamar sunaye biyu a kunnen mutane, har akan sami gida ɗaya da ya da ƙanwa, wannan Hadiza waccan Khadija. Masu gidan takwara suka yi wa mutum ɗaya sau biyu ba su sani ba.

Me ke sa sunayen Larabci su sauya haka in sun shigo bakin Bahaushe?

Sauyin yana da ƙa'ida, ba kara-zube ba ne. Harafin da Balarabe ke fitarwa da harshe tsakanin haƙora ya koma "s", shi ya ba mu Usman da Kulsum da Suwaiba. Ɗan'uwansa, harafin zal, ya koma "z", ga Mu'azu da Huzaifa. "T" mai kauri ta zama "ɗ", a wasu wuraren "ts", shi ya sa ake da Faɗima da Fatsima da Ɗahiru. "K" ta can cikin maƙogwaro ta zama "ƙ", kamar a Ruƙayya. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne harafin lodi, wato "d" mai kauri ta Larabci, wanda ya koma "l": alƙali, alwala, farilla, Ramalan, Murtala. Duk da harafi ɗaya aka rubuta su a Larabci.

Sannan Hausa ba ta son kalma ta ƙare da baƙi, ta fi son ta sauka a kan wasali. Daga nan Zainab ta zama Zainabu, Bilkis ta zama Bilkisu, Hajar ta zama Hajara.

Akwai kuma bambancin makaranta. Kakanninmu a makarantar allo suka yi karatu, da ƙira'ar Warshu, a bakin malaman da su ma a haka suka gada. 'Ya'yanmu kuwa Islamiyya suke zuwa, inda Hafsu da tajwidi suka fi ƙarfi, kunnensu kuma ya saba da karatun limaman Makka da Madina a waya. Don haka in kaka ta ce Rakiya, jika ta ce Ruƙayya, zamani biyu ne na karatu suka haɗu a tsakar gida ɗaya.

Aisha, A'isha, Aishatu, Aishat, Aishah, Ayesha: wanne ne daidai?

Duk ƙoƙari ne na rubuta abu ɗaya da baƙaƙen boko. A Larabci sunan ya ƙare da ta-kuri, wato dunƙulalliyar "t" ta ƙarshen kalma. In aka tsaya a kanta sai a ji "a", ga Aisha. In aka zarce da karatu sai ta fito fili da wasalinta, ga Aishatu, irin na malaman zaure, kuma daga nan ne muka sami Hadizatu da Halimatu da Sa'adatu da Zulaihatu. Aishat, mai "t" babu wasali, ta fi yawa a wurin Yarabawa da Nufawa da Igbira, ko da yake mu ma Hafsat muke rubutawa. "H" ɗin da ke ƙarshen Aishah al'adar masu rubuta Larabci da Turanci ce, Ayesha kuwa rubutun mutanen Indiya da Pakistan ne. Ƙetare iyaka zuwa Nijar, sai ki ga Aïchatou da rubutun Faransanci.

A ƙa'idar rubutun Hausa, A'isha ake rubutawa, da alamar ɗauri a tsakiya, domin akwai ɗan tsayawar murya bayan "a" ta farko. Wannan tsayawar ita ce hamzar da ke tsakiyar sunan a Larabci. A takardun hukuma kuwa shawarata ki ajiye alamar. Zan zo kan dalili a gaba.

Indo, Binta, Kulu, Abu, Mairo: sunaye ne masu zaman kansu ko laƙabi?

Asalinsu laƙabi ne, kowanne da sunan yankan da yake bi. A'isha ita ce Indo, ita ce Shatu, ita ce A'i. Fatima ita ce Binta, daga "bintu", wato 'ya, don ita ce 'yar Annabi, kuma ita ce Zahra'u da Batula. Hauwa'u ita ce Kulu da Jidda. Zainabu ita ce Abu, Maryam ita ce Mairo, Khadija ita ce Dije da Kubura, Halima ita ce Sadiya, Ummukulsum ita ce Kaltume. Tsohuwar da ta san kan abin, in kika ce mata sunanki Binta, ba sai ta tambayi sunan yankanki ba.

Kunya ce ta haifi yawancinsu. Mace ba ta faɗin sunan surukarta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. To in aka yi wa uwar miji takwara, yaya mai jego za ta kira jaririyar? Sai a sakaya. A da a ce Indo ko Uwani ko Iya, yanzu a ce Ummi, Mami, Walida, Amira. Abin ya yi nisa har wasu yara sai ranar da aka kai su makaranta suke jin sunansu na yanka. Na taɓa kiran "Fatima" sau uku a aji ɗaya shiru, yarinyar na zaune gabana tana kallona, ita dai Ummi ta sani.

Masu cewa gutsure suna raini ne su tuna cewa ya zo a Bukhari Annabi (SAW) ya kira matarsa da "Ya A'ish", ya kuma zo a Muslim ya ce wa Anas "Unais". Abin da aka hana, a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, shi ne jifan juna da laƙabin da mutum ke ƙi. Mai sunan ce ma'auni. In tana amsa Dije da fara'a, babu laifi. In ta ce ba ta so, a bari.

Akwai inda bambancin furuci ke canza ma'anar sunan gaba ɗaya?

Akwai, kuma nan ne nake so iyaye su buɗe kunne, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna jan wasali, ba ya nuna karin sauti. Sunaye biyu mabambanta sukan faɗo a rubutu ɗaya.

Ɗauki Asiya. Akwai Asiya matar Fir'auna, mumina, wadda ake ja "a" ta farko a sunanta da "s" mai sauƙi. Akwai kuma wata kalma da ke farawa da harafin ainu, da "s" mai kauri, ma'anarta mai saɓo. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya canza wa wata mai wannan suna na biyu, ya ce mata ke Jamila ce. A bakin Bahaushe duka biyun Asiya ne. Ba na cewa a guji sunan, domin duk wanda ya raɗa shi matar Fir'auna yake nufi. Amma yarinyar da ta fara rubutun Larabci ya kamata a nuna mata yadda ake rubuta nata, kada ta ƙara masa ainu da niyyar ƙawa.

Amina ma biyu ce. Mahaifiyar Annabi ana jan "a" ta farko a sunanta, Aamina. Wadda muke faɗa kullum, mai jan "i", Amiina, ma'anarta amintacciya, macen Aminu ke nan. Dukansu masu kyau ne, saiwarsu ɗaya, amma a rubutun Larabci ba ɗaya suke ba. Yawancin iyayen da ke cewa sun sa sunan mahaifiyar Annabi, da na biyun suke kiran 'yarsu har ta tsufa.

Maryam da Mariya mutum biyu ne: Maryam uwar Annabi Isa, mace ɗaya tak da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani, har da sura guda ta 19, Mariya kuwa Baƙibɗiya ce, uwar Ibrahim ɗan Annabi. Haka Ramatu da Ramlatu, harafi ɗaya ya raba su, ta farko daga rahama, ta biyu sunan Ummu Habiba matar Annabi ne. Salma da Salima da Salamatu ma kowacce da gidanta. Zahra'u da Sara ba su haɗa komai ba, sai dai 'yan makaranta sun haɗa su a "Zara".

Malaman makarantarsu da ƙawayenta waɗanda ba Hausawa ba "Rukaya" suke cewa maimakon Ruƙayya. In riƙa gyara musu?

Ki faɗa musu sau ɗaya, a hankali, da murmushi. Wanda ya iya ya ɗauka, wanda bai iya ba a bar shi. Jos gari ne da kuza ta tara mutane tun farkon ƙarni na 20, Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Tarok da Inyamurai da Yarabawa da Fulani. Hausar da ke yawo daga Taminus zuwa Farin Gada ba ta damu da ƙugiyar "ƙ" ba, ba ta kuma cika ninka baƙi ba. Hatta 'ya'yanmu da aka haifa a Anguwar Rogo ko Rikkos, in suka je Kano, daga furuci ake gane su Jasawa ne.

Mu ma mu dubi namu bakin. Wace Bahausa ce a cikinmu take faɗin Nvou ko Chundung ko Kangyang yadda 'yar Birom za ta ji daɗi? Ngozi mun mai da ita Ingozi, garin Bukuru mun gutsure shi ya koma Bukur, Jos ɗin kanta Jas muke ce mata. A ajina nakan sa kowace yarinya ta faɗi sunanta da bakinta ranar farko, sauran su maimaita. Dariya ake yi sosai, amma zuwa ƙarshen zango kowa ya matso kusa.

Inda ba na ɗaga ƙafa shi ne in an mai da sunan abin tsokana, ko malami ya ce sunan ya yi masa wuya ya laƙa wa yarinya wani na Turanci. Wannan kam ki je makarantar da ƙafarki.

Ni Kirista ce, Hausa muke yi a gida da coci. Ladi da Talatu da Jummai ba sunayen Musulmi ba ne?

Sunayen rana ne, rana kuwa ta kowa ce. Ladi ta Lahadi, Tani ko Altine ta Litinin, Talatu ta Talata, Larai ko Balaraba ta Laraba, Lami ta Alhamis, Jummai ta Juma'a, Asabe ta Asabar. A gidan Musulmi laƙabi ne bisa sunan yanka, a gidajen Kirista da yawa na Filato da kudancin Kaduna sun zama sunan takarda. Ki ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta: Ladi Kwali ce, Bagwariya maginiyar tukwane daga Kwali kusa da Abuja, wadda ta rasu a 1984. A gaban takardar kuma Murtala ne, mai sunan nan na harafin lodi.

Sannan kuna da taska ta kanku. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sunayen cikinsa suka sami kamannin Hausa: Maryamu, Saratu, Rifkatu, Rahila, Hannatu, Alisabatu. Ga kuma waɗanda kalmomin Hausa ne tsantsa, irin su Godiya, Alheri, Murna, Kyauta, Haƙuri. Su ne sunayen da na ga ba su taɓa ba kowa wahalar furtawa a garin nan ba. Saratu da Hannatu da Rahila kuwa a gidajen addinan biyu ake samunsu, sai kin ji sunan uban za ki gane.

Tagwaye muka samu, mace da namiji. Dole ne Hassan da Usaina?

Al'ada ce mai ƙarfi, amma ba dole ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, 'yar tagwaye ce, abokin tagwaitakarta Hassan, amma Shehu bai sa mata sunan tagwaye ba, Asma'u ya sa. Sai dai ku shirya, ko me kuka raɗa, unguwa za ta ce 'Yan Biyu, wanda ya biyo bayansu kuma Gambo ne. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar siyasar Zariya da ta rasu a 2001, Hajaratu ne sunanta na yanka. Bin tagwaye da ta yi ne ya ba ta Gambo, laƙabin kuma ya danne sunan har a littattafan tarihi.

Wa ke da haƙƙin zaɓen suna, uba ko uwa ko kakanni?

Malamai sun ce in aka yi saɓani maganar uba ce a gaba, tunda da sunansa ake danganta yaro. A aikace kuwa, a gidajenmu, angon ƙarni yakan kai maganar wurin mahaifinsa ko wansa, musamman a haihuwar fari, sai a yi wa uwarsa ko uwar matar takwara. Ba abin zargi ba ne, hanya ce ta raya sunan iyaye.

Amma Malam, in kai ne mai wannan tambayar, ka shawarci mai ɗakinka tun ciki na wata bakwai. Ita za ta kira sunan nan sau ɗari a yini. Alƙur'ani ma ya ba da labarin matar Imrana, a aya ta 36 ta Ali Imrana, ita ce ta sa wa 'yarta suna Maryam. Rigimar da na fi gani ba ta wuce mai jego ta ji sunan 'yarta daga bakin maroƙi da safiyar suna, kamar baƙuwa. Sulhun da gidaje da yawa ke yi shi ne uba ya zaɓi sunan yanka, uwa ta zaɓi laƙabin da za a riƙa kira. Yana aiki, muddin an san wanne ne zai hau takarda.

Dole ne sai ranar bakwai?

Hadisin Samura ya ce a yanka wa jariri ranar bakwai, a yi masa aski, a sa masa suna. Amma Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun daren da aka haife shi, don haka wanda ya yi huɗuba ya raɗa suna a ranar farko bai yi laifi ba. A lissafin Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa in an haihu bayan fitowar alfijir, shi ya sa 'yar Talata sunanta ke faɗowa Talata mai zuwa. A mazhabar kuma rago ɗaya ne ga namiji ko mace, wasu mazhabobin ne ke cewa biyu ga namiji. Wanda zai tara mutane bayan Asuba a sanyin Jos na watan Disamba, ya tanadi shayi tare da goro da dabinon.

Ina son suna na zamani wanda ba kowa ke da shi ba. A ina zan samo, kuma me zan kiyaye?

Sha'awar ba laifi ba ce. Ajin da ke da Aisha shida da Fatima biyar, malama ma tana shan wahala. Ihsan, Hanan, Amal, Iman, Ilham duk kalmomin Larabci ne masu ma'ana mai kyau. Wurin da ake tuntuɓe shi ne jerin sunayen intanet, inda akan laƙa wa kowace kalma mai daɗin ji ma'anar "furen Aljanna" ko "kyautar Allah" ba tare da asali ba. Kafin ki ɗauka, ki sa wanda ya san Larabci ya rubuta miki shi da baƙaƙen Larabci, ya nuna miki shi a ƙamus. In ya kasa rubutawa, akwai magana.

Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ma bai isa ba. Hawiya tana da daɗi a kunne, ta yi kama da Hauwa da Mariya, amma a Suratul Ƙari'a sunan wuta ne. Fir'auna da Ƙaruna ma ai suna ciki. A kuma guji sunan da ke yabon kai fiye da kima, don Annabi (SAW) ya canza sunan Barra, wato mai yawan ɗa'a, zuwa Zainab saboda haka.

Gwajin da nake ba iyaye mai sauƙi ne. Ki faɗa wa kaka sunan, ki ji abin da zai dawo daga bakinta, domin shi ne sunan da rabin dangi za su kira. Ki faɗa wa maƙwabciyar da ba Bahausa ba. Ki tsaya a tsakar gida ki ƙwala shi kamar yarinyar tana ƙofar gida. Sannan ki tambayi kanki ko zai dace da ita ranar da za a ce mata Hajiya wance tana da jikoki. Hausawa sun ce suna linzami, linzamin da bai shiga baki ba kuwa ba ya jan doki.

Wata ƙanwata ta ɗauko wani suna mai "th" da "dh" a jere, ta yi ta gyara wa mutane har yarinyar ta fara tafiya. Yau kowa Baby yake ce mata, har uwar.

Yaya zan rubuta sunan a takardar haihuwa?

Nan ne nake zama mai tsauri. Ku zauna ku da maigida tun kafin ranar suna, ku rubuta sunan a takarda baƙi bayan baƙi, na yarinyar da na uban, ku ɗauki hotonsa a waya. Duk inda aka ce a faɗi suna, a asibiti ko wurin rigakafi ko makaranta, kada ku faɗa da baki, ku miƙa rubutun. Ma'aikacin da ya ji "Hauwa'u" zai iya rubuta Hauwa, Hawa, Hauwau ko Hawwa, gwargwadon inda ya fito.

Takardar da ake gina sauran a kanta ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa. Katin da asibiti ke bayarwa ba ya maye gurbinta. Abin da aka rubuta a can shi za a bi a lambar NIN, mai alƙaluma 11, wadda tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Daga nan sai takardun WAEC da NECO, sai BVN na banki da aka fara a 2014, sai fasfo. Kwamfuta ba ta san Hadiza ita ce Khadija ba. Ba ta ma san Aisha ita ce Aishat ba. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da kuɗi a banki ko ya jinkirta shiga jami'a.

Ku sauƙaƙa rubutun. Baƙaƙe masu ƙugiya, da suka shigo rubutun boko a shekarun 1930, yawancin fom ɗin hukuma ba sa karɓarsu, don haka Ruƙayya za ta koma Rukayya ko kun so ko kun ƙi. Alamar ɗauri ma wasu na'urori kan jefar da ita, wasu su mai da ita wata alama daban, layin ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa kuwa ba ya ɗaukarta sam. Gara ku rubuta Aisha da Saadatu da Asmau a takarda, ku ci gaba da faɗin A'isha da Sa'adatu da Asma'u a gida. Kada a sa laƙabi a gurbin sunan yanka yau, gobe a juya. Sunan uba kuma ya zo daidai da yadda yake a takardunsa. In shi Mohammed ya rubuta, kada 'yar ta zama Muhammad, ƙanenta Muhammadu.

An riga an yi kuskure, takardar firamare Hadiza, NIN kuma Khadijat. Me za mu yi?

Ku zaɓi ɗaya tun tana ƙarama, ku mai da sauran gare shi. Hanyar da aka saba ita ce rantsuwa a kotu, a kuma buga sanarwar gyaran suna a jarida, sannan a kai wa kowace hukuma da takardunta. Akwai kuɗi, akwai layi. Ku gama da shi kafin ta kai aji uku na babbar sakandare, domin gyara bayan an buga sakamakon jarrabawa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Mafi sauƙi shi ne a bi abin da ke kan takardar haihuwa da NIN, a gyara na makaranta.

'Yata ta girma, yanzu Meenah take rubutawa a Facebook da WhatsApp, ƙawarta kuma Xahra. In hana?

Hajiya, ki bar su. Amina ta zama Meenah, Zainab ta zama Zee, Fatima ta zama Teemah, kamar yadda a zamaninmu Zainabu ta zama Abu, Bilkisu ta zama Balki. Laƙabin 'yanmata ne, wannan karon a rubuce. Sharaɗi ɗaya za ki kafa mata: ranar da za ta cike fom, na makaranta ko na banki ko na aiki, ta ɗauko takardar haihuwarta ta kwafa. Wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni kwanakin baya da goyonta, na tambaye ta sunan jaririyar, ta ce Khadija, amma Deejah ake rubutawa. Kakarta da ta rako ta tana gefe tana gyara mayafi, ta ce, "Dije dai, Malama."